Danja ko Shataletale? Tarihin Mararraba Daga Landan Zuwa Kwanar Babaldu

Shekaru uku da suka wuce, ranar wata kasuwa, kawuna ya ɗora buhun gero a bayan babur ya nufi bakin titi. Akwai wata mararraba tsakanin Birnin Kudu da Gwaram inda hanyar ƙauyensu ke faɗawa cikin babbar kwalta, ya fi shekara ashirin yana tsallaka ta. Ya hango mota can nesa, ya auna da ido ya ga zai wuce kafin ta iso. Ashe gudun motar ya fi ƙarfin ma'auninsa. Allah ya yi da sauran shan ruwa a gaba, amma har yau da sanda yake tafiya, gonar da yake nomawa da hannunsa kuwa sai dai ya biya a noma masa.

A asibiti masu dubiya suna ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma haka ne. Sai wani malamin makaranta a cikinsu ya ce, "Da gwamnati za ta taimaka ta kafa danja a wurin nan, da an huta." Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Sai da na koma gida tambayar ta fara cina. A ce akwai danjar, a ce ta ba Kawu kore ta ba mai motar ja: shin mutumin da ya taho a guje, a dajin da babu ɗan sanda babu mai ganinsa, zai taka burki?

Wannan tambaya ce ta kai ni ga tarihin abubuwa biyu da duniya ta ƙirƙiro don raba gardamar mararraba, wato fitilar ba da hannu da muke kira danja, da shataletale, wanda a Kano za ka ji ana ce masa randabawul. Abin da na fahimta shi ne, a garuruwa irin namu muna roƙon wanda ya fi wuyar riƙewa, mun bar wanda ya fi dacewa da halinmu, kuma akwai dalilin tarihi da ya sa haka.

Yadda kwalta ta ratsa gari

Birnin Kudu tsohon mazauni ne. Zanen da ke jikin duwatsun Habude da Mesa shaida ne cewa mutane sun rayu a wurin tun zamanin da ba a rubuta labarinsa ba. Hanyoyinsa na farko na fatake ne, na ƙafa da jaki da takarkari, kuma a irin wannan hanya mararraba ba ta cin ran kowa. Idan ayari biyu suka haɗu, sai a yi sallama, wani ya dakata wani ya wuce.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka shiga buƙatar hanyoyin da manyan motoci za su kwaso amfanin gona daga gundumomi zuwa birni. Hanyar da ta fito daga Kano ta bi ta Wudil ta ratsa Birnin Kudu ta nufi Kari a ƙasar Bauchi, wadda ke da lamba A237 a taswirar hanyoyin tarayya, ita ce ta ɗaure wannan yanki da sauran ƙasa. A Kwanar Huguma take rabuwa da hanyar Dutse, a wajen Babaldu kuma mai zuwa Ningi da Bauchi ya yi sallama da mai zuwa Gwaram da Basirka.

Waɗanda suka shata hanyar birni da birni suke son haɗawa. Amma kwalta maganaɗisu ce. Tasha ta dawo bakinta, masu shayi da masu tsire suka biyo, sai kantuna, sai masallaci, sai makaranta, sai kasuwa. A hankali titi ɗaya ya zama abu biyu. A wurin direban da ya taso daga Kano zai kwana Gombe ko Yola, babbar hanya ce da ya kamata ya cinye da wuri. A wurin matar da za ta tsallaka da goyo zuwa awo, ko manomin da zai kai hatsi kasuwar Sara, ƙofar gida ce. Mararraba ita ce inda waɗannan mutane biyu ke haɗuwa, kowa yana ganin shi ke da gaskiya.

An ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama hedikwata. Da aka ba da kwangilar tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri a 2006, aikin ya bi ta Wudil da Shuwarin da Azare da Potiskum da Damaturu, bai biyo ta Birnin Kudu da Gwaram ba. Duk da haka motocin Bauchi da Gombe da Adamawa ba su daina bin tsohuwar hanyar ba. A watan Agusta 2021 wata bas ta afka cikin gadar da ruwa ya karya a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mutum 21 suka rasu. Irin wannan musiba takan ja hankalin ƙasa, kuma ya kamata ta ja. Mararraba kuwa ɗaiɗai take ɗauka, yau mai babur gobe yaro ɗan talla, shi ya sa ba ta shiga kanun labarai.

Fitilar da ta fashe a Landan

Danja ta girmi mota. A watan Disamba 1868 aka kafa ta farko a Landan, daf da ginin majalisar dokokin Ingila, domin masu tafiya a ƙasa su sami damar tsallakawa tsakanin kekunan doki. Wanda ya ƙirƙiro ta, John Peake Knight, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma daga layin dogo ya aro dabarar: da rana hannuwan ƙarfe su ɗaga su sauka, da dare fitilar gas ta nuna ja ko kore, ɗan sanda na tsaye a gindi yana juya ta. Ba ta daɗe ba. A watan Janairu 1869 gas ya yi yoyo, fitilar ta fashe ta ƙona ɗan sandan, daga baya aka cire ta. Sai bayan shekaru kusan hamsin maganar ta sake tasowa, wannan karo a Amurka. Birnin Cleveland ya kunna danja mai aiki da lantarki a watan Agusta 1914, a 1920 kuma wani ɗan sanda a Detroit, William Potts, ya ƙara rawaya tsakanin ja da kore.

Asalin nan na layin dogo abin lura ne. Direban jirgin ƙasa ma'aikaci ne da aka horar, yana da lamba, yana da shugaba, kuma idan ya ƙetare ja aikinsa ne a bakin ƙofa. Da aka ɗauko wannan tsari aka ɗora wa duk wanda ya riƙe sitiyari, sai ya zama danja tana zaune kan duwatsun murhu uku: wutar da za ta kunna ta, ma'aikacin da zai gyara ta, da direban da zai yi mata biyayya ko da babu mai kallo. Idan dutse ɗaya ya goce, tukunya ta kife. Danjar da ta mutu ta mayar da mararraba yadda take a da. Wadda ke aiki amma wasu ba sa bi ta fi haɗari, domin tana ba mai bin doka tabbacin da babu shi: ya ga kore, ya shiga ba tare da ya waiwaya ba.

Shataletale da dokar da ya yi shekara sittin yana jira

Shi ma shataletale bai fara da sa'a ba. A 1905 William Phelps Eno, mutumin da ya rubuta wa New York dokokin hanya alhali shi kansa bai taɓa koyon tuƙi ba, ya tsara yadda motoci za su riƙa zagaya Columbus Circle ta fuska ɗaya. A 1907 aka yi haka a dandalin Étoile na Paris, inda tituna 12 ke haɗuwa, bisa shawarar Eugène Hénard. Ingila ta gina nata na farko a garin Letchworth a 1909.

Waɗannan da'irori na farko manya ne, ana shigarsu da gudu, kuma a wurare da yawa mai shigowa ke da hannu, na ciki shi zai dakata masa. Mai karatu zai iya hango abin da zai biyo baya. Idan kowa na shiga, na ciki kuma yana tsayawa, sai da'irar ta cika ta kulle kanta, babu gaba babu baya. Zuwa shekarun 1950 Amurkawa sun yanke ƙauna, suka koma danja da gadar sama.

Ingila ce ta gano bakin zaren. Bayan gwaje-gwajen cibiyar binciken hanyoyi ta gwamnati, a watan Nuwamba 1966 aka kafa doka a duk ƙasar: mai shigowa shi zai dakata wa wanda ke cikin da'ira. Wannan jimla ɗaya ta canza komai. Tunda na ciki ba ya tsayawa, da'irar kullum tana zubar da abin da ta ɗauka, ba ta kullewa. Wani injiniyan cibiyar, Frank Blackmore, wanda ya yi tuƙin jirgin sama a Yaƙin Duniya na Biyu, ya nuna cewa da wannan doka ba a buƙatar makeken fili, ƙaramar da'ira ma ta wadatar. Sai aka fara lanƙwasa bakin kowace hanya da gangan, yadda mota ba za ta iya shiga a miƙe ba, dole ta rage gudu kafin ta kai.

Faransa ta karɓi dokar a farkon shekarun 1980, yanzu tana da dubun-dubatar shataletale. Amurka ta dawo kan hanya daga 1990, har wani ƙaramin birni a jihar Indiana mai suna Carmel ya gina sama da 150, ya cire kusan duk danjojinsa.

Abin da muka gada

A nan lissafin shekaru ke da amfani. Turawa sun miƙa mulki a 1960, dokar da ta gyara shataletale kuwa a 1966 ta zo. Ke nan abin da suka bar mana a Kano da Kaduna da sauran biranen mulki tsohon samfuri ne, faffaɗar da'ira mai furanni a tsakiya, daga zamanin da su kansu ba su gama gane kansa ba. A shekarar da suka gane kuwa, Nijeriya na fama da abin da ya fi wannan: juyin mulki biyu a 1966, sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970.

Yaƙi na ƙarewa sai wani babban canji ya zo. Ranar 2 ga Afrilu 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta mayar da tuƙi daga hannun hagu zuwa hannun dama, domin mu daidaita da maƙwabtanmu, Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey. A kan miƙaƙƙiyar hanya canjin mai sauƙi ne. A shataletale kuwa komai ya juye: zagayen da ake yi ta wannan fuska ya koma ta waccan, wanda za a dakata wa kuma yanzu daga hagu yake fitowa. Kafin a gama sabawa, kuɗin fetur ya shigo. Ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikata sun sayi babura da motoci, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, tituna suka cika da sababbin direbobi. Maganin da aka samo a lokacin shi ne mutum: masu ba da hannun nan da jama'a suka laƙaba wa suna yalo fiba saboda launin rigarsu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, sai a 1988 aka kafa ta a zamanin Janar Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko.

Dokar nan ta 1966 tana cikin littafin ƙa'idojin hanya na Nijeriya: idan ka zo shataletale, ka dakata wa wanda ke tahowa daga hagunka. Amma mu tambayi kanmu, direbobi nawa ne a tashar Birnin Kudu ko ta Gwaram suka koyi mota daga littafi? Mafi yawa yaran mota ne da suka koya a hannun ubangida, masu babur kuma a bayan gari suka koya a hannun aboki. Dokar da suka tarar a titi ita ce wanda ya riga cusa hancin motarsa shi ke da hanya, kuma babba ya danne ƙarami. Da shataletale ya riƙa cushewa a wannan hali, sai muka ɗora masa laifi, muka ce tsohon yayi ne, danja ce ci gaba.

Lissafin da ke ƙarƙashin maganar

Injiniyoyin hanya suna ƙirga wuraren da motoci biyu za su iya karo a cikin mahaɗa. A mararraba mai hannu huɗu, wuraren 32 ne. A shataletale mai layi ɗaya, 8 ne. Bayan yawa kuma akwai iri. Karon da ya fi kisa biyu ne: a yi gaba da gaba, ko a soki mota a haƙarƙari, inda babu abin da ya raba fasinja da mutuwa sai ƙofa. Shataletale yana kawar da su duka, domin kowa fuska ɗaya ya nufa. Abin da ya rage shi ne gogayya ta gefe, wadda takan ƙare a wurin mai gyaran jikin mota.

Sai gudu, wanda shi ne uwa uba. Idan mota ta ninka gudunta, ƙarfin dukanta sau huɗu yake ƙaruwa, haka ma tazarar da burki ke buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65 a sa'a. Danja ba ta taɓa gudun mota, hasali ma rawaya kan sa wasu su ƙara wuta. Shataletalen da aka gina daidai kuwa ba ya neman yardar direba. Ko ya so ko ya ƙi, akwai tudu a gabansa da kwana, kuma mota ba ta shan kwana da gudun ɗari.

A 2001 masu bincike a Amurka, ciki har da na cibiyar inshora mai nazarin haɗurran hanya, sun duba mahaɗa 24 da aka mayar shataletale daga danja ko allon tsayawa. Haɗurra gaba ɗaya sun ragu da kashi 38 cikin ɗari, masu jikkata mutane da kashi 76, masu kisa ko naƙasawa kuma da kusan kashi 90. Wani zai ce Amurka daban, Gwaram daban, kuma ya yi gaskiya. Sai dai abin da ya kawo ragin, wato raguwar gudu da canjin kusurwar karo, ba ya tambayar ƙasa. Bambancin da ke tsakaninmu da su ma ƙara wa hujjar ƙarfi yake yi: su da ke da wuta dare da rana da kyamara a kan danja sun sami wannan riba, ina ga mu da duwatsun murhun uku duk suke rawa? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a, duk da ita ce mafi ƙarancin motoci.

Za a ce ai yanzu akwai danja mai sola. Akwai. Amma batir yana da wa'adi, ƙurar hunturu tana rufe faranti, ɓarawo ya san kuɗin batir, kuma kwangilar kafawa ta fi kasafin gyara farin jini a wurin masu mulki. Shataletale da zarar an gina shi, siminti ne da kwalta.

Darasin Kano, da yadda muka karanta shi a juye

Duk wanda ya san Kano shekara ashirin da suka wuce ya san birnin shataletale ne. Daga zangon Kwankwaso na biyu aka shiga zamanin gadar sama, irin ta Ƙofar Nasarawa, aka kuma kafa KAROTA a 2012. Gwamnatin Ganduje ta mayar da shataletalen Dangi gada mai hawa, ta yi haka a Hotoro, inda aka buɗe aikin a farkon 2023. A irin waɗannan wurare akwai hujja, domin shataletale yana da iyakar abin da zai iya haɗiyewa, kuma cunkoson hanyar Zariya ya wuce wannan iyaka.

Matsalar ita ce abin da ƙananan garuruwa suka koya daga nan. Ɗan siyasar ƙaramar hukuma ya je Kano ya ga gada da danja, ya dawo yana ganin su ne alamar gari ya waye. Bai lura ba cewa motocin da ke bi ta mararrabar garinsa a yini ba su kai waɗanda ke bi ta Dangi kafin hantsi ba, kuma ciwonsa gudu ne, cunkoso sai ranar kasuwa.

Inda muka gina shataletale kuma, ado muka ɗauke shi. A watan Yuni 2023 gwamnatin Kano ta rushe ginin da ke tsakiyar shataletalen gidan gwamnati, wanda aka yi don tunawa da cikar jihar shekara 50. An yi makonni ana muhawara a rediyo da Facebook kan siyasa da kyan gini da kuɗin da aka kashe. Maganar yadda fasalin wurin ke shafar gudun mota da rayukan masu tsallakawa kuwa ba ta sami kujera a zauren ba. A wurinmu shataletale wurin kafa hasumiya ne da allon hoton gwamna, kuma wani lokaci ƙawar ce ke tare wa direba gani.

Inda shataletale ke da rauni

Adalci ne a faɗi aibinsa. Na farko, ya fi tausaya wa na cikin mota fiye da na ƙasa. Danja tana ba mai tafiya lokacinsa na kansa, shataletale kuwa ba ya tsayar da kowa, don haka makaho da tsoho da ɗan firamare suna shan wuya idan ba a yi musu wurin tsallakawa mai tudu da tsibirin hutawa a tsakiyar hanya ba. A ƙofar makaranta ko asibiti a tsakiyar gari, fitilar masu tsallakawa na iya fin sa amfani. Na biyu, masu babur da keke sun fi shiga haɗari a shataletale mai layi biyu ko uku, kuma a yankinmu babur shi ne motar talaka. Wannan na nufin layi ɗaya ya kamata a yi. Na uku, tirelar da aka yi wa lodi har sama tana iya kifewa idan kwanar ta matse, shi ya sa ake yi wa tsibirin tsakiya wani ɗan dandamali da tayar baya za ta iya hawa. Na huɗu, yana cin fili, fili kuma na nufin diyya. Na biyar, direban dare da bai san da shi ba zai iya haye shi, sai an sa alluna masu ƙyalli tun daga nesa. Na ƙarshe, wanda littattafan Turai ba su san da shi ba: idan ba a tsare ba, cikin wata ɗaya tsibirin zai zama rumfar mai lemo da wurin lodin fasinja.

Duk waɗannan matsaloli ne na zane da kulawa, ana magance yawancinsu sau ɗaya, ranar da ake gini. Matsalolin danja kuwa kullum sai an sake magance su, kowane dare, a wurin kowane direba.

Kuma jama'armu sun riga gwamnati fahimtar wannan. Bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram ka lura da tudun rage gudu a bakin ƙauyuka. A wurare da dama a Arewa mutanen gari ne ke tara ƙasa ko su jera itace a kan kwalta bayan an binne wani. Ba su kafa allo ba, domin sun san allo roƙo ne. Sun canza siffar hanyar. Shataletale wannan tunani ne, sai dai an yi shi da ma'auni, yadda ba zai karya ƙashin bayan mota ko ya kayar da mai babur cikin duhu ba.

Abin da za mu iya tambaya

Cikin masu karanta wannan wasiƙa akwai injiniyoyi da likitoci da ma'aikatan gwamnati da masu kusanci da 'yan majalisa. Abu na farko da muke buƙata ba ya cin kuɗi: a san waɗanne mararrabu ne suka fi cin rai. Jami'an kiyaye haɗurra suna da rajista, 'yan sanda suna da tasu, sashen gaggawa na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu yana karɓar waɗanda aka kwaso, shugabannin ƙungiyar direbobi kuma sun san kowace kwana da sunanta. Idan aka haɗa waɗannan a kan taswira ɗaya, wurare kaɗan za su fito fili.

Na biyu, duk lokacin da aka ce za a gyara wannan hanya, kada murnarmu ta tsaya kan tsawon kilomita. Sabuwar kwalta mai santsi gudu take ƙarawa, kuma garin da aka gyara wa hanya ba a gyara masa mararraba ba, an ƙara masa haɗari ne. A nemi ganin zanen. A tambaya: a mashigar gari da mafitarsa, da inda hanyoyi suka rabu kamar Babaldu, me zai tilasta wa mota rage gudu? Ina mai ƙafa zai tsallaka? Idan danja za a sa, wa zai gyara ta shekara uku masu zuwa, kuma daga wane kasafi?

Na uku, dokar nan mai jimla ɗaya tana buƙatar masu yaɗa ta, a tasha da rediyo da makarantu: na ciki ke da hanya, mai shigowa ya dakata. Ƙasar da ta iya juya hannun tuƙinta gaba ɗaya a rana guda a 1972 ba za ta kasa koyar da wannan ba.

Da na je gaida Kawu da sallar da ta wuce, na zauna na kwashe masa duk wannan labari, tun daga fitilar Landan har lissafin 32 da 8. Ya saurara har na gama, yana jujjuya sandarsa. Sannan ya ce, "Ɗana, ni ban san Landan ba. Amma in dai zai sa su cire ƙafa daga totur, ko turmi ne a dasa musu a tsakiyar hanyar."